Bakanuwa da 'Yar Yamai

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a Damargu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce "ke", ko ya tambayi Inna ina waccan ta shiga. Inna ma haka, sai dai ita "'yar nan" take cewa. Ƙannena kuwa ana rangaɗa musu kira da sunayensu tun daga zaure har bakin murhu, autarmu ma suna uku gare ta, duk na shagwaɓa. Na san kunyar ɗan fari ce, an gaya mini tun ina ƙarama, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar iyayensa a kanta ba. Amma abin ya ci mini rai shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba.

Da aka yaye ni sai aka kai ni wurin Kaka, mahaifiyar Baba, a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara. Ita kam ba ruwanta da wata kunya. Takan kira sunana tun daga bakin rijiya har sai awaki sun ɗaga kai. A hannunta na zauna har na isa shiga lakwal, wato makarantar boko, sannan aka dawo da ni Tanut, gidan wani dogon mutum mai tabarau wanda ba ya kallon fuskata in yana magana da ni.

Baba komi ne, wato akawu, a gidan kumandan mai mulkin gari, kuma aikinsa buga takardu da keken rubutu. A wannan fanni fa ba ya da na biyu a garin, shi ma ya san haka, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Ba ya duban yatsunsa sam. Idonsa na kan takardar da yake kwafa, ko kan bango, yatsu na ta ruwan haruffa. Shi ya tura ni Damagaram na koyi aikin, ya sayar da tunkiya biyu saboda haka, amma bai ce mini don me ba. Da na dawo sai ya zaunar da ni gaban kekensa, ya rufe hannuwana da hankici, ya yi mini shifta. Da na gama ya duba takardar sama da ƙasa, ya ce wa Inna, ba ni ba, "Ba laifi." Iyakar yabon da na samu ke nan.

Can ƙarshen shekarun tamanin, bayan Baba ya ajiye aiki, wani furoje, wato shirin raya karkara, na rijiyoyi da kiwo ya kama hayar ɗakuna biyu na gaban gidanmu ya mai da su biro, wato ofis. Aka ɗauke ni sakatariya. Tafiyata aiki taku goma ce daga ɗakin Inna, har ƙamshin miyarta na iske ni a kan tebur. A nan na fara ganin ordinata, abin da mutanen Najeriya ke kira kwamfuta. Biyu ne gare mu. An yi odar ɗaya daga Yamai ta yi ta jinkiri a hanya, da shugaban furoje ya gaji da jira sai ya aika aka sayo wata ta hannu a Kano. Ita ta riga isowa, na sa mata suna Bakanuwa. Da ɗayar ta iso daga baya, sabuwa fil cikin kwalinta, ta zama 'Yar Yamai.

Bakanuwa ba ta yi farin jini ba. Maɓallanta na Ingilishi ne, wasu haruffan ba su nan inda muka saba samunsu a keken Faransanci. Ranar da 'Yar Yamai ta zo kowa ya juya wa Bakanuwa baya, aka tura ta kusurwa aka lulluɓe ta da tsohon zane.

A lokacin Baba yana da wani aiki da ya ɗora wa kansa. Farin da aka yi 'yan shekaru kafin nan ya watsa ƙauyenmu. Wasu sun yi kudu ba su dawo ba, wasu sun tare a Belbeji, wasu a kwarin Tarka. Sai ya shiga bin tsofaffin da suka rage, a mota in ya samu, a jaki in bai samu ba, yana tambayarsu. Wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina kowane gida ya taso, sunan kowace gona da dalilin sunan, wa ya auri wa. Kaka ce ta fi kowa ba shi labari, don ita ƙwaƙwalwarta ba ta zubar da komai. Yakan rubuta da fensir a bayan tsofaffin takardun biro, har suka cika buhu guda. Da ya ga Bakanuwa zaune ba aikin yi, sai ya roƙi shugaban furoje ya bar shi ya riƙa bugawa a kanta bayan azahar, kafin a kashe injin wuta. Aka ce bismillah.

Ni na zaunar da shi ranar farko. Na buɗe masa sabon wuri, shi ya ce a kira shi kundi, kuma da kundi muka san shi har yau. Na gaya masa ana iya kulle shi da kalmar sirri yadda ba mai buɗewa sai wanda ya san ta, kuma in ana buga kalmar ba ta fitowa a gilashi, ko mai bugawar ba ya ganinta. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya ce in juya baya. Na juya, na ji tat-tat-tat da sauri irin na da, na'urar ta ce a maimaita, ya maimaita. Shi ke nan aka kulle.

Sai ya gyara zama, ya kafa ido a kan takardarsa, ya saki yatsu. Da ya ɗago ya dubi gilashi sai na ga fuskarsa ta canza. Inda ya nufi Tarka, Bakanuwa ta rubuta masa Tqrkq. Layi uku cur ba kalma ɗaya ta kirki. Na ƙunshe dariya har cikina ya yi ciwo. Ya ce wannan ba na'ura ba ce, 'yar kasuwa ce, ka ba ta gero ta auna maka dawa. Amma bai tashi ba. Mutumin da ya shekara talatin bai dubi yatsunsa ba ya koma yana sunkuyar da kai yana tsintar haruffa ɗaya-ɗaya da yatsa biyu kamar kaza a bakin turmi. Na tausaya masa, na kuma ji daɗi kaɗan, Allah ya yafe mini.

Haka muka yi fiye da shekara. Kullum bayan azahar zai shigo da takardunsa, ya yi sallama ga ɗakin ba gare ni ba, ya ɗage zanen Bakanuwa. In ta nemi kalma sai ya kau da kansa wajen taga, tat-tat-tat, ta buɗe, sannan ya sunkuya ya fara tsintarsa. Ni ina teburin gefe ina buga rahoton rijiyoyi. Ba ma hira. Wani lokaci yakan karanta wata magana ta Kaka a fili ya yi dariya shi kaɗai, ni ma in yi tawa a ciki.

Duk takardar da ya gama bugawa sai ya miƙa wa Inna, ya ce an gama da wannan, ta shiga inda gara ba ta kai. Inna kuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Tarihin ƙauyenmu kaf haka ya watsu cikin Tanut shafi-shafi, kowane da maiƙo a jikinsa. Ban ga aibin haka ba a lokacin, ni ce ma mai cika bakin cewa abin da ya shiga na'ura ya shiga ke nan.

Da damina Kaka ta rasu. Kafin a yi girbi, biyu daga cikin tsofaffin da Baba ya yi hira da su sun bi ta. Daga nan kundin ya tashi daga abin ɗebe kewar mai ritaya. Duk abin da waɗannan mutane suka sani, in ba a cikin Bakanuwa ba, to babu shi ko'ina.

Sai Bakanuwa ta fara ciwo. Da safe in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka, wani lokaci sai an kashe an sake kunnawa sau uku. Hankalina ya tashi. Na ce wa Baba lalle mu kwashe kundin mu mai da shi cikin 'Yar Yamai tun da sauran numfashi. Da baki abin ba wuya. Amma faifan Bakanuwa babba ne, falle, mai lanƙwasuwa, na 'Yar Yamai ƙarami ne mai tauri, ko da guduma ba ka sa na wannan a bakin waccan. Na kwafi kundin a babban faifai don kar a ce ban yi komai ba, sai dai duk Tanut ba wata na'ura da za ta karanta shi. Injin buga takarda kuma ba ya jin yaren Bakanuwa, in an haɗa su sai ya yi ta zubo shirme.

Akwai wani masanin na'urori a Damagaram da furoje ke kira in abu ya ɓaci. Bai samu zuwa ba, amma ya ba direbanmu faifai biyu, babba da ƙarami, da wata doguwar waya mai kai biyu, da takarda shafi guda da Faransanci. Ya ce a sa wa kowace na'ura faifanta, a haɗa su da wayar ta baya, su da kansu za su miƙa wa juna kundin.

Na yi yadda ya ce. Bakanuwa ta ce tana aikawa, 'Yar Yamai ta ce tana jira. Muka zuba ido. Shiru. Tun Baba na tsaye har ya jawo kujera. Ya ce ai dama ya san za a rina, ɗaya Hausar Kano da Ingilishi, ɗaya Zabarmanci da Faransanci, wa zai yi musu tafinta?

Na koma kan takardar. Ashe kowace na'ura ƙofa biyu gare ta a baya, kuma sai an gaya mata ta wacce baƙo zai shigo. Na sa waya a ƙofa ta biyu, na ce wa 'Yar Yamai ta tsaya a ta farko. Na gyara, na ce yauwa. Shiru. Washegari na gano akwai wata lamba ta saurin magana wadda dole ta zama ɗaya a wurin su biyun, Bakanuwa na zuba da gudu, 'Yar Yamai na saurare a hankali. Na daidaita su, na sake cewa yauwa, har na kira Inna ta zo ta gani. Inna ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kalli gilashi biyu da ba abin da ke motsi a cikinsu, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma wurin tukunyarta. Kai, ranar na ji kamar in ɗauki wayar nan in ɗaure akuya da ita.

Kwana huɗu muna wannan fama, Bakanuwa kuma kullum gurnaninta ƙaruwa yake. A na biyar Baba ya tafi kasuwa ya zo da mai gyaran rediyo. Taubashinsa ne, tsoho mai ido ɗaya da rabi, tun daga zaure suke tsokanar juna. Ya ce shi bai san ordinata ba, bai kuma son ya sani, amma waya waya ce. Ya sa na karanta masa takardar ina fassarawa. Can ƙasa akwai wani layi da na yi ta tsallakewa don ban ga amfaninsa ba, wai wayar ta zama mai giciye. Ya ce in tsaya nan. Ya kwance kawunan wayar biyu, ya bi siraran zaren ciki da ɗan fitilarsa da batir, sannan ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Kun haɗa baki da baki, kunne da kunne," in ji shi. "Kowacce na magana cikin bakin 'yar'uwarta. Wa zai ji wani?"

Mai aiko da wayar ya ɗauko wadda ba ita ba ne cikin gaggawa. Tsohon ya sa ƙarfensa a garwashin Inna, ya narka dalma, ya sauya wa zare biyu wuri, bakin wannan ya koma kunnen waccan. Ya ce wa Baba da ma haka ake yi wa masu taurin kai irinsa. Na mai da wayar, na danna. Sai ga lambobi suna gudu a fuskar 'Yar Yamai. Kafin shayin da aka ɗora wa baƙo ya tafasa na biyu, sunan kundin Baba ya fito a cikinta ɓaro-ɓaro. Na yi guɗa a biro, abin da ban taɓa yi ba. Ana cikin murna lokacin kashe inji ya yi, wuta ta ɗauke. Ban buɗe kundin na duba ba. Na ga sunansa, na ce ai magana ta ƙare.

Washegari Bakanuwa ba ta farka ba. Ko gurnanin babu. Muka yi ta hamdala, Inna ta ce baiwar Allah ta jira ne ta sauke amana. Baba ya mai da mata zanenta da hannunsa.

Bayan azahar ya zauna gaban 'Yar Yamai yana murmushi, yana shafa maɓallan Faransanci, ga kowane harafi a gidansa. Na kira masa kundin, ta nemi kalma. Ya kau da kai wajen taga, tat-tat-tat. Ta ce ba ita ba ce. Ya sake. Ta ce ba ita ba ce. Ya cire tabarau ya goge, ya sa na juya baya, ya buga a hankali yana duban kowane harafi. Ta ƙi.

Ban taɓa ganin Baba ya tsorata ba sai ran nan. Ya janye hannunsa daga maɓallan. Ni kuwa na san laifin a kaina yake, don ni na ce a kwashe, ni na ce abin da ya shiga na'ura ya shiga, ni kuma na kasa dubawa tun Bakanuwa na da rai.

Na je gidan waya na kira mutumin Damagaram. Ya ce in dai har tana neman kalma to kundin lafiyarsa lau, kalmar ce ba daidai ba, kuma in babu ita ko shi ba abin da zai iya. Ya ce tsofaffi sukan manta, in sa ya gaya mini kalmar in gwada da kaina, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Na dawo na gaya wa Baba. Ya ce ba zai faɗa ba. Na ce to ya rubuta. Ya ce a'a. Na ce ya raɗa wa Inna ta gaya mini. Inna da ke jin mu daga tsakar gida ta ce kar a sa ta cikin wannan, ta ja mayafi ta rufe baki. A lokacin na ɗauka haushi ta ji.

Kwana uku yana zuwa yana bugawa tana ƙi. Ya daina cin abincin kirki. Ni kuma zuciyata na ta tafasa, don ina da zuciya, kowa ya sani, a wurin Kaka na gado ta. Maganar Kaka tana nan kulle a gabana, ina ganin sunan kundin, kuma abin da ya raba ni da ita taurin kan mutum ɗaya ne. A rana ta uku, da ya buga ta ƙi, sai bakina ya kuɓuce. Na ce masa ya manta ne kawai, tsufa ne, ba abin kunya ba ne, amma ya bar ɓata mana lokaci. Na ƙara da cewa in sirrin nasa ya fi maganar mahaifiyarsa daraja, to ya riƙe abinsa.

Ina rufe baki na yi da-na-sani. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya kau da kai wajen taga.

"Ko sunana na manta," ya ce, "wannan ba zan manta ta ba."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Na ɗauka fushi ya yi, ashe kekensa ya je ɗaukowa, tsohon keken rubutun da aka bar masa da ya ajiye aiki. Ya dire shi a kan teburina, ya zura farar takarda, ya kau da kai. Tat-tat-tat. Ya zare takardar, ya ninka ta huɗu ba tare da ya dube ta ba, ya ajiye a gefen hannuna. Ya ce la'asar ta yi, ya sa takalmi ya fita, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Na buɗe takardar. Sunana ne.

Kalma ɗaya a tsakiyar farar takarda, baƙaƙen sun fito raɗau. Na zauna ina kallonta kamar ban iya karatu ba. Wato duk wannan shekara da muka yi a ɗaki ɗaya, yana shigowa yana yi wa bango sallama, abin da yake fara yi kullum kafin komai shi ne ya kira sunana, ina zaune taku biyu daga gare shi ban sani ba. Kau da kan da yake yi wajen taga, wanda na ɗauka yanga ce ta tsohon komi, ashe kunya ce. Na yi kuka, ba kaɗan ba. Na ji kunyar abin da na faɗa masa, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, duka a lokaci ɗaya.

Da na share fuska na buga sunan a 'Yar Yamai da hannuna. Ta ƙi. Na gwada da manyan baƙaƙe, na gwada da ƙanana, na gwada yadda Faransawa ke rubuta shi. Ta ƙi. To, Baba bai manta ba, na'ura kuma ba ta ƙarya. Na rasa ta inda zan kama.

Idona ya faɗa kan Bakanuwa a kusurwa. Na je na ɗage zanen, ban ma san me nake nema ba. Na ɗora yatsuna a kan matattun maɓallanta, na kau da kai wajen taga yadda yake yi, na buga sunana da hannun da aka koya mini a Damagaram. Sai na tsaya da ɗan yatsana a inda ya sauka, na duba. Ina nufin a, yana kan q.

Tqrkq! Wallahi sai da na faɗe ta a fili. Rubutun kundin kam, Baba ya koyi tsintarsa da ido, don yana ganin kuskurensa a gilashi. Amma kalmar sirri ba ta fitowa, kuma shi bai taɓa yarda ya dube ta ba. Tun ranar farko yatsunsa na da ne ke buga ta, yatsun da suka buga sunan nan a takardar haihuwata da ta shiga lakwal. Yana ba Bakanuwa sunana, ita tana karɓar wani abu daban, kullum iri ɗaya, don haka kullum take buɗewa. 'Yar Yamai kuwa sunan gaskiya take ji daga hannunsa, shi ya sa ta ƙi.

Na koma da gudu. Duk inda a take a sunana na sa q. Ta ƙi. Na ce yau na ga ta kaina. Na sake komawa wurin Bakanuwa, na bi sunan harafi-harafi ina duba inda kowane yatsa ke sauka. Akwai m a sunana, kuma a inda m take a keken Faransanci, Bakanuwa waƙafi mai ɗigo ta ajiye. Na rubuta abin da ya fito a bayan hannuna da alƙalami. Ba ya karantuwa, ko aljani ba a kira da shi. Na buga shi a 'Yar Yamai da yatsa ɗaya.

Ta buɗe. Shafin farko maganar Kaka ce a kan rijiyar da kakanta ya haƙa, da irin zaginta da komai, har ina jin muryarta.

Da Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Daga nan yana hango gilashin cike da rubutu. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganata, ya ɗaga hannu alamar a bar zancen. Takardar tana kan tebur a ninke, daga ni har shi ba wanda ya dube ta. Ya tambayi bango me ya faru.

Na ce, "Kalmarka daidai take, Baba. Bakanuwa ce ba ta taɓa faɗinta daidai ba." Na nuna masa bayan hannuna, na nuna masa q da waƙafin a kan maɓallanta.

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Sai na ga kafaɗunsa na motsi, dariya yake yi marar sauti.

"Ashe ita ma tana da kunya," ya ce.

Inna tana bayan ƙofa, na ji ta tana dariya cikin mayafi. Ita ta gane tun ranar da ya ƙi faɗa, ba ta dai da bakin gaya mini ne.

Washegari muka buga kundin a takarda, kofi uku, na hana Inna ko kallonsu. Na tambayi Baba ko in cire kullen gaba ɗaya, tunda yanzu ba sauran sirri. Ya ce a'a. Na ce to ko in gyara kalmar ta koma daidai, yadda yatsunsa za su buɗe ba wahala. Ya kalli taga, sannan ya ce in gyara.

Ya ƙara shekara biyu yana shigowa bayan azahar, yana ƙara abin da ya samo daga Belbeji da Tarka. Har ya bar duniya bai kira ni da baki ba, "ke" ɗin nan dai ita ce. Amma in ya zauna ya kau da kai, na ji tat-tat-tat, sai in ce "Na'am, Baba," a hankali, idona a kan aikina. Bai taɓa juyowa ba, bai kuma taɓa hana ni ba.